Lyall Triffitt da Karnukansa Masu Tsabta

A duk kwarinmu, daga garin Ouse har gindin tsaunuka, idan aka ambaci Lyall Triffitt abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne fito. Yakan tsaya a kan tudu, hannaye cikin aljihu, ya yi fito ɗaya siriri. Karyarsa Gyp, wadda ke can nesa kamar ɗigon tawada, sai ta karkato da garken tumaki gaba ɗaya ta kawo masa su bakin shinge. Abin da ya iya ke nan, kuma ya iya shi sosai. Sauran al'amuran duniya, irin su gaisuwa da sauraron magana har ƙarshe da wanke hannu, ya bar wa masu lokaci.

A bukkar makiyaya aka haife shi, can sama inda ake kai tumaki cin ciyawar bazara. Makaranta ta gan shi kaɗan, shi ma ya gan ta kaɗan, suka rabu ba wanda ya yi kewar wani. Ya yi askin tumaki a gonakin manya har bayansa ya lanƙwashe, sannan ya samu 'yar gonarsa. Ya auri Merle, 'yar wani mai gasa burodi a garin New Norfolk, mace mai fara'a da son shuke-shuke. Allah bai ba su haihuwa ba. Merle ta zuba ƙaunarta a lambun bayan gida, Lyall ya zuba tasa a kan Gyp. A gaban a-kori-kurarsa karyar ce ke zama kusa da taga, Merle a tsakiya.

Duk ƙarshen mako yakan yanka ragon da za a ci a gida, ya rataye shi a reshen bishiyar turare da ke gefen rumfar aski, karnuka su kewaye shi suna dalalar da miyau. Yana da ƙa'ida a kan kayan ciki, wadda ya gada daga ubansa. Hantar da ta fito sumul takan tafi kicin, Merle ta soya da albasa. Wadda kuwa ta fito da ƙululu masu ruwa, irin fararen nan da ke tasowa a hanta da huhu, ba ta dace da mutum ba, don haka ta karnuka ce. Gyp ke samun kaso mafi tsoka. Lyall ya yi imani cewa karen kiwon da ba ya cin ɗanyar hanta idonsa kan mutu, tumaki su daina jin tsoronsa.

Wata shekara mutanen gwamnati suka zo zauren taron gari da majigi da kwalabe. Suka ce wata 'yar tsila ce ƙanƙanuwa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, da ke zama a hanjin kare. Ƙwanta yana fita a kashin kare, ya watsu a ciyawa da ƙura da gashin karen kansa. Tunkiya ta haɗiye shi, ƙululu ya tsiro mata a hanta. Kare ya ci hantar, tsila ta koma gida. Idan kuwa mutum ne ya haɗiye ƙwan, shi ne ya zama tunkiyar, ƙululun ya yi ta girma a cikinsa shekara da shekaru ba tare da ya sani ba. Suka ce daga yanzu ba a ba kare kayan ciki, kuma za a riƙa gwada kowane kare.

Lyall ya ji wannan ɓangaren. Ɓangaren da ya biyo baya, na abin da ake yi wa karen da aka samu da tsila, bai ji ba, domin lokacin rufe mashaya ya gabato kuma shi mutum ne mai sanin abin da ya fi muhimmanci. A can mashayar ya cike giɓin. Wani direban babbar mota ya ba da labarin wani kare a wajen garin Bothwell da aka kai gwaji bai dawo ba. A kofin farko karen ya suma ne. A kofi na biyu ya mutu. Kafin a rufe ƙofa, an riga an harbe shi a gaban mai shi, har direban ya kwaikwayi ƙarar bindigar.

Daga wannan daren Lyall ya san abu ɗaya: idan aka ga tsila a cikin Gyp, harbe ta za a yi. Bai taɓa tambayar kowa ba. A ganinsa wanda ya tambaya ya tona wa kansa asiri.

Ranar gwaji ta zama kamar ranar kasuwa. Akwai wani fili a gefen titi da aka ja masa waya, kowa ya ɗaure karnukansa a jere. Noel Bantick, wanda da can mai ɗana wa zomaye tarko ne kafin gwamnati ta ba shi farar riga da safar roba, yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu maganin zawo. Daga nan sai jira. Manyan dattawa, masu gonaki, dattawan coci, kowa ya tsaya yana kallon gindin karensa kamar mai jiran haihuwa. Abin da ya fito Noel ya kwashe, ya shiga motarsa mai ɗaki ya duba a ƙarƙashin madubi. Wanda karensa ya faɗi gwajin, kafin la'asar matan gari sun sani.

Karnukan Lyall ba su taɓa faɗuwa ba.

Dabararsa mai sauƙi ce. Ya sayi irin maganin nan a hannun wani mai yawon sayar da maganin tumaki. Ana gobe gwaji sai ya kai karnukan ƙarshen lambun Merle, bayan shingen itatuwa inda ba a hangowa daga titi, ya ɗura musu da kansa. Su zubar da abin da za su zubar. Washegari su isa gaban Noel da ciki fayau kamar ganga. Da yamma kuma, saboda wahalar da suka sha, ya yi musu tukuici da hanta.

Abin da suka zubar ɗin, Lyall ba almubazzari ba ne. Yakan sa shebur ya watsa shi a cikin kunyoyin lambu, ya ɗan rufe da ƙasa. Taki taki ne.

"Ku ba da hanya, sarkin tsabta ya iso!" haka maƙwabcinsa Horrie Rainbird ke cewa duk ranar gwaji. Horrie mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaton baki, wanda karnukansa suka faɗi har Noel ya san su da suna. "Kai mutumina, me kake ba su ne? Ruwan baftisma?"

"Kare kamar mai shi," in ji Lyall. "Naka gado suka yi."

"To ka ara mini Gyp na kwana biyu mana, ko nawa sa koyi tarbiyya."

"Ta fi ƙarfin gidanka. Ita ko ƙuma ba ta kulawa sai mai asali."

Sai a kwashe da dariya. Har ta kai Noel yana kafa misali da shi. Idan wani ya yi gardama cewa ba yadda za a yi a raba kare da tsila, sai ya ce, "Je ka ga na Triffitt." Lyall ya saba da wannan girma har ya fara yi wa matasa nasiha a kan riƙon kare.

Lambun Merle kuwa ya yi albarka irin wadda ba a taɓa gani ba. Latas ɗinta kan fito kore shar, kowane ɗaya ya cika faranti. Ba a bikin aure ko shayin bayan jana'iza ko taron makaranta sai da burodin Merle, yankakke, da ƙwai da latas a tsakiya. Tana wanke ganyen, ba wanda zai ce mata ƙazama. Wankin ƙasa ne dai take yi, ba wankin abin da ido ba ya gani ba. Mu duka da burodin nan muka tashi.

Merle ta haura hamsin lokacin da cikinta ya fara tasowa ta ɓangaren dama. Ta saki ɗinkin siket, ta sake saki. Abinci kaɗan ke cika ta, ga wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙari da ke hana ta sunkuyawa cire ciyawa. Horrie ya hango ta a bakin shagon gari, ya ƙyafta wa Lyall ido.

"Ashe tsohon rago da sauransa! Yaushe ne suna?"

Lyall ya yi dariya har da buga cinya. Merle ma ta yi murmushi, irin wanda mace ke yi idan ta saba da a taka mata wuri guda. Sai da idonta ya koma rawaya, ta faɗi a bakin igiyar shanya, sannan aka ɗauke ta zuwa asibiti a birnin Hobart.

Aikin tiyatar ya ɗauki yini guda. Lyall ya zauna a baranda cikin rigarsa ta zuwa coci, yana tunanin ko Horrie ya tuna ya ba karnuka ruwa. Da likitan ya fito, ya kira shi wani ɗan ɗaki ya buɗe masa wani kwano mai murfi. A ciki akwai wata farar fata kamar ta dafaffen ƙwai, faɗinta ya kai hular kansa, da wasu ƙananan ƙwallaye masu ruwa birjik kamar inabin da aka ɓare.

Lyall bai buƙaci bayani ba. Ya san su. Tun yana yaro yake huda irinsu da tsinin wuƙa ya ga ruwan ya tsarto, sannan ya jefa wa karnuka.

"Kuna da karnuka, ko?" in ji likitan.

"Karnukana ba su taɓa faɗuwa gwaji ba, ranka ya daɗe. Ka tambayi kowa."

"To daga wani karen ta samo. An cire wani ɓangare na hantar. Da ya fashe a cikinta, da yanzu wata maganar muke."

A hanyar komawa gida Lyall ya yi ta jujjuya maganar har ya samo wurin da za ta zauna daidai. Daga wani karen, in ji likita. Na Horrie ke nan. Kafin ya kai garin Gretna hankalinsa ya kwanta, har ya tsaya ya sha kofi ɗaya.

Merle ta dawo gida da tabo tun daga ƙirji har kwiɓi, tana tafiya a duƙe, hannu ɗaya a kan ɗinkin. Ta dawo kuma da abin da mijinta bai lissafa ba. Ta yi makonni a kwance a ɗakin da ke da wasu mata masu irin ciwonta, kuma masu jinya sun yi musu bayanin hanyar tsilar nan tun daga farko har ƙarshe, ba mashayar da za ta katse musu.

Ana gobe gwaji, da hantsi, Lyall ya ɗaure karnukan a ƙarshen lambu kamar kullum. Ya ciro kwalbar daga aljihu, ya jingine shebur a jikin shinge. Yana riƙe da muƙamuƙin Gyp zai buɗe bakinta ya ji motsi a bayansa. Merle ce, da rigar barci da takalman ruwa, ta dafa sandar tsintsiya.

"Me kake ba ta?"

"Maganin tsutsa. Koma ciki, iska na kaɗawa."

"Ba gobe Noel zai ba su ba?"

"Share masa hanya nake."

Merle ta dubi kwalbar. Ta dubi shebur ɗin. Shekaru tana hango shi daga tagar kicin yana wannan hidima, tana ɗauka wani abu ne da gwamnati ta ce a yi. Idonta ya bi layin kunyoyin, tun daga inda karnukan ke ɗaure har inda sabon latas ya fara buɗe ganye.

"Lyall. In sun yi, ina kake kaiwa?"

"Ina kuwa zan kai? Ke ba kya ganin yadda lambun ke kyau?"

Ya faɗe shi ne da ɗan alfahari, domin a ransa gudummawa ce yake bayarwa. Sai da ya ga fuskarta sannan ya fara sauri.

"Tsaya ki ji, tsohuwa. In suka ga abin nan a cikinta harbe ta za su yi. Gyp fa. Ki dube ta. Ke ma kin san babu irinta daga nan har Launceston."

"Ni ma an ce babu irin nawa. Sun ajiye shi a kwalba don ɗalibai su gani."

Ta miƙa hannu. Bai san lokacin da ya ba ta kwalbar ba. Ta sa a aljihun rigarta, ta juya a hankali, tana dogara sandar.

"Gobe tare za mu," ta ce. "Kuma a gefen taga zan zauna."

Lyall ya wuni a rumfar aski yana shafa kan karyar. Ya yi tunanin ya gudu da ita tsauni, ya ce maciji ya sare ta. Ya yi tunanin ya harbe ta da hannunsa, don kada baƙo ya yi. Har ya ɗauko bindigar ya goge, ya mayar. Da yamma ya yanka mata naman cinya, wanda bai taɓa ba kare ba, ya zauna yana kallon tana ci.

Filin gwaji ya cika. Horrie ya buɗe baki zai yi kirarin da ya saba, ya hango Merle tana saukowa daga mota da ƙyar, ya cire hula ya haɗiye kirarin. Noel ya ɗura maganin. Aka yi jira. Wannan karon abin da karnukan Triffitt suka fitar ya isa a duba, kuma Noel ya daɗe a cikin motarsa fiye da yadda ya saba. Da ya fito ya kasa haɗa ido da kowa.

"Lyall, zo gefe mu yi magana."

"Faɗa a nan, Noel," in ji Merle. "A nan aka saba yabonsa."

"To. Duka sun faɗi. Ita wannan karyar kuwa, ban taɓa ganin mai yawan tata ba."

Ba wanda ya yi dariya, har Horrie. Merle ta ciro kwalbar ta ɗora a kan murfin motar Noel. Cikin 'yar murya, domin ɗinkin ba ya barinta ta ɗaga, ta faɗi abin da ake yi ana gobe gwaji, da inda ake yi, da inda shebur ke kai shi. Ta ce duk wanda ya taɓa cin burodinta ya je a duba shi, shi da 'ya'yansa, kuma su yafe mata.

Lyall bai ji rabin wannan ba. Ya durƙusa a gaban Gyp, ya sa hannu biyu ya rungume wuyanta, hularsa ta faɗi cikin laka.

"Noel, alfarma ɗaya. Ka bar ni in yi da kaina. Kar ka harbe ta a gaban mutane."

Noel ya tsaya da safar roba a hannu, baki buɗe.

"In harbe wa?"

"Gyp."

"Da wace bindigar? Kai Lyall, ka taɓa ganina da bindiga a nan? Magani zan ba ta, a yi mata wanka, ka ɗaure ta a gida, ka daina ba ta kayan ciki, in zo in sake gwadawa. Shi ke nan. Karnukan Horrie sau nawa suka faɗi? Ga su can suna haushi."

"Amma na Bothwell..."

"Tsohon kare ne, ya suma, aka kai shi gida a bayan mota. Ya yi shekaru bayan nan yana satar ƙwai."

Lyall ya juya ya dubi karnukan Horrie. Shekara da shekaru yana tsaye kusa da su a wannan fili, yana yi wa mai su dariya, bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi suke da rai ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A kwarinmu maƙwabta ya doka. Bayan 'yan makonni motar ɗaukar hoton ƙirji ta zo ta tsaya a gaban zauren taro, aka ɗebi jini, layi ya kai har bakin gada. Har waɗanda suka tafi Hobart karatu aka aika musu su dawo, suka tsaya da sabuwar takardar digiri a akwati da burodin Merle a tarihinsu. An kira matar Horrie asibiti, aka cire mata ƙululu ɗaya a huhu. An kira malamar makaranta ita ma. Sauran aka ce babu komai tukuna, domin abin yana iya yin shekaru bai nuna ba. Da wannan tukuna muke kwana muke tashi. Mutum ya yi tari sau biyu, sai ya tsaya yana sauraron ƙirjinsa.

Lyall ya fito tas, hoto da jini. Shi dama ba ya cin ganye, abincin zomo ne in ji shi. Yadda aka yi karyar da ke lasar fuskarsa ba ta ba shi ba, likitoci ma sun kasa faɗa.

Merle ba ta koma gonar ba. Daga filin gwajin ta shiga motar haya zuwa New Norfolk, gidan ƙanwarta Beryl. An zuba wa lambun kananzir an ƙone, an ƙone gindin bishiyar turaren ma. Gyp ta sha maganinta, aka sake gwada ta ta fito lafiya. Yanzu busasshen abincin kanti take ci, kuma tumaki na tsoronta kamar da.

Da kaka ta shigo Lyall ya yi aski, ya sa rigar coci, ya tuƙa har New Norfolk. Ya bar karyar a mota, ya ƙwanƙwasa. Beryl ta leƙo, ta koma ba ta ce masa ko sannu ba. Can sai Merle ta zo ta tsaya a bayan ƙofar raga. Ta miƙe sosai yanzu, ta ɗan yi ƙiba.

"Gidan ya yi shiru, tsohuwa," in ji shi, yana juya hula a hannu. "Kaji ma sun daina ƙwai."

Merle ta dubi bayansa, inda Gyp ta leƙo da kai ta tagar mota.

"Tana lafiya?"

"Ƙalau! Noel ya ce ko ɗaya babu."

"Madalla. Abin da ka so ka samu ke nan. Ka gaida Horrie, ka ce ina yi wa matarsa sannu."

Ta rufe ƙofar ciki a hankali. Lyall ya ɗan tsaya a kan matakala ko za a kawo shayi. Ba a kawo ba.

Da yamma ya biya mashaya. Mutane sun daina matsa masa kujera, amma mai sayarwa ya tambaye shi, don ladabi, yaya ya samu Merle.

"Tana saukowa," in ji Lyall. Ya kurɓi kofinsa, ya goge baki da bayan hannu. "Ka san abin da ta fara tambaya? Lafiyar Gyp."